Tsakanin "idan" da "da": gyaran jimlolin sharaɗi da korewa a Turanci

"Unless you don't pay your fees, you will not enter the exam hall." Wanda ya rubuta irin wannan sanarwa so yake ya ce duk ɗalibin da bai biya kuɗin makaranta ba, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Amma abin da ya fito daga alƙalaminsa kishiyar haka ne: ba za ka shiga ba sai dai in ba ka biya ba. Ya hana waɗanda suka biya, ya buɗe wa masu bashi ƙofa. Babu kalmar da aka kuskure rubutunta a ciki. Wannan don't ɗin kaɗai ce ta juya maganar.

Wurin da jimlar sharaɗi ke haɗuwa da korewa, sannan ga ƙananan kalmomin nan masu taimaka wa aikatau, wato can, could, may, might, shall, should, will, would da must, waɗanda malaman Turanci ke kira modal verbs, yana cikin wuraren da suka fi kayar da mai koyo. Kuma ba ƙaramin lamari ba ne a wurinmu. WAEC da aka kafa a 1952, da JAMB ta 1978, da NECO ta 1999, dukkansu suna gwada ɗalibi a kan ginin jimla, ga shi kuma jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit a Turanci kafin su ba da gurbi. Bayan an bar makaranta ma ba a rabu da shi ba. Takardar yarjejeniya, bayanin shan magani, ƙa'idojin neman biza, wasiƙun ofis, duk cike suke da "if you do not" da "unless" da "must not".

A ganina rabin wahalar daga hanyar koyarwa take. Ana zana wa yara jadawali a allo, sharaɗi nau'i na ɗaya, na biyu, na uku, a ce su haddace, ba a taɓa tambayarsu me jimlar take cewa ba. Alhali Bahaushe yana riƙe da ma'aunin a bakinsa tun yana ƙarami. Ba ya rikita "idan bai zo ba" da "da bai zo ba". Ba ya rikita "kada ka zo" da "ba sai ka zo ba". Duk gyaran da za a yi wa irin waɗannan jimloli tambaya biyu ce ke jan sa: abin da ake magana a kai yana iya faruwa har yanzu, ko kuwa an san bai faru ba? Sannan korewar, a kan me ta sauka? Wanda ya amsa su da Hausa ya gama mafi wuyar aikin, sauran zaɓen kalma ne.

Ƙa'idojin mataimakan aikatau su kansu ba su da yawa. Ba a sa musu s ko da mutum ɗaya ake nufi, don haka "she can" ne, babu "she cans". Aikatau da ke bin su tsirara yake zuwa, babu to, babu ed, babu ing: "he must go", ba "he must to go" ko "he must went" ba. Wajen korewa ba sa neman taimakon do, not kawai ake liƙa musu. Kuma biyu ba sa jeruwa, shi ya sa "will can" ba ta zauna ba, sai "will be able to". Ita kuwa "can be able to" da ta cika bakin mutane a Nijeriya maimaici ce, abu ɗaya aka faɗa sau biyu, sai a zaɓi can ko be able to. Yawancin waɗannan kalmomi a tsohon Turanci siffar shuɗaɗɗen lokaci gare su duk da cewa ma'anarsu ta yanzu ce, daga nan rashin s ɗin ya samo asali. Must ma asalinta siffar shuɗaɗɗen lokaci ce ta wani tsohon aikatau, shi ya sa a yau ba ta da tata, sai ta ari had to. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Mu ɗauki "idan" tukuna. Bahaushe yana cewa "Idan bai zo gobe ba, zan kira shi." Dubi "bai zo ba" ɗin nan. Siffar abin da ya wuce ce, irin ta "jiya bai zo ba", duk da cewa gobe ake magana. Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana rubutu da Turanci sai ya kwaso ta yadda take: "If he didn't come tomorrow, I will call him." Malami ya ja jan biro, ya ce ai gobe lokaci mai zuwa ne. Sai yaron ya koma ɗaya gefen: "If he will not come tomorrow, I will call him." Wannan ma ba ita ba ce. Turanci yana sa siffar yanzu bayan if idan ana maganar abin da zai iya faruwa nan gaba, sannan will ta tsaya a ɓangaren sakamako: "If he doesn't come tomorrow, I will call him." Kowane harshe da tasa al'adar a wannan gurbi, Hausa ta ɗauki siffar baya, Turanci ya ɗauki ta yanzu, babu wanda ya ɗauki ta gaba.

Sai dai dokar da ake cusa wa yara cewa will ba ta taɓa bin if ba cikakkiyar gaskiya ba ce. "If he won't pay, we will go to court" jimla ce lafiyayya. Won't a nan ba lokaci take nunawa ba, ƙi take nunawa. "If he doesn't pay" shi ne idan bai biya ba, ko saboda mantuwa, ko babu, ko rashin lafiya. "If he won't pay" shi ne idan ya ƙi biya. Mai gyaran da ya goge won't ya sa doesn't ya cire taurin kan da marubucin ke son nunawa.

Yanzu "da". Nan ne maganar ta fi daɗi, kuma nan aka fi faɗuwa. Idan Bahaushe ya ce "Da ban je ba, da ban gan shi ba", mai sauraro ya fahimci abu biyu da ba a furta ba: na je, kuma na gan shi. Korarriyar jimla ce a fili, amma a ƙarƙashinta tabbatarwa ce. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ko Islamiyya ya san wannan rarrabewa tsakanin "in" da "lau", har da "laula" wadda ta yi daidai da "ba don ... ba" namu. Turanci ba shi da kalma ta musamman domin wannan aiki. If ɗin nan dai ita ce, sai ya ja aikatau baya da taki ɗaya don ya nuna cewa an bar duniyar gaske an shiga ta ƙaddarawa. Idan abin na yanzu ne, sai a yi amfani da siffar baya: "If I didn't have a test tomorrow, I would come with you", da ba ni da jarrabawa gobe da na bi ka. Didn't a nan ba jiya take nufi ba, cewa take yi ina da jarrabawar. Idan kuma abin ya riga ya wuce, sai a ƙara ja baya taki na biyu: "If I hadn't gone, I wouldn't have seen him."

Wannan taki na biyu ne Hausa ba ta tilasta mana, domin "da" ɗinmu tana ɗaukar jiya da yau duka. Shi ya sa ake samun "If you didn't help me last year, I would have failed." Ɓangare na biyu daidai yake, na farko ne bai ja baya yadda ya kamata ba. Gyaran shi ne "If you hadn't helped me last year, I would have failed."

Akwai kuskure na biyu da ya fi wannan yawa: "If I would not have gone, I would not have seen him." Ina ganin ginin jimlarmu yana ƙara ingiza mutum zuwa gare shi, saboda muna maimaita "da" a ɓangarori biyun, da kaza da kaza, sai ɗalibi ya ji kamar would have ma ya kamata ta fito sau biyu. Ba mu kaɗai ba ne. Ana jin wannan gini a bakin Amurkawa da yawa a hirar yau da kullum, amma a rubutun ƙa'ida da ɗakin jarrabawa ba a karɓarsa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun san irin wannan faɗa, domin a can ma ana hana yaro cewa "si j'aurais su", ana dawo da shi kan "si j'avais su", wato da na sani. A Turanci had ce ke zama gefen if, would have kuma gefen sakamako. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne I'd tana iya zama I had, tana iya zama I would. A "If I'd known, I'd have stayed", ta farko had ce, ta biyu would. Duk mai shakka ya warware su ya rubuta kowace a cike.

Ƙananan gyare-gyare uku suna tafiya tare da wannan. Bayan have siffa ta uku ta aikatau ake sawa (irin gone a jerin go, went, gone), "would not have gone", ba "went" ba. Not tana zama kusa da mataimakin, "would not have", wanda ya fi "would have not" zama a kunne. "Would of" kuwa da ake gani a intanet kuskuren masu harshen ne da kansu, sautin would've suka rubuta yadda suka ji shi, kada a kwaikwaye su.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda jadawalin nan ke sa a soke jimla mai kyau. Ɗalibi ya rubuta "If I hadn't missed the bus, I would be in Zaria now." Mai duba takarda ya ga hadn't, ya nemi would have been bai gani ba, ya ja layi. Alhali yaron ya fi shi gaskiya. Rasa motar ya wuce, zama a Zariya kuwa maganar yanzu ce: da ban rasa mota ba, da yanzu ina Zariya. Kowane ɓangare na bin nasa lokacin. Haka kuma akasinsa: "If she weren't so careful, she would have signed it", da ba mai taka-tsantsan ba ce, da ta sa hannu. Halinta na kullum ne, sa hannun kuwa na ranar ne. Were ɗin nan da ke bin she ko I tsohuwar siffar ƙaddarawa ce da ta rage a harshen. Ana jin was a hira, amma a rubutu were ta fi aminci.

Mu koma kan unless da muka fara da ita. Ma'anarta "sai dai in". Togaciya ce: magana tana nan daram, sai ƙofa guda da aka bari. Tunda tana ɗauke da korewa a cikinta, ƙara mata not yakan juya ma'ana, kamar yadda muka gani a sanarwar kuɗin makaranta. Gyaranta hanya biyu ne, ko "Unless you pay your fees, you will not enter" ko "If you don't pay your fees, you will not enter." Ita ma "unless if" da ake yawan ji, fassarar "sai dai in" ce kalma da kalma, if ɗin ba ta da gurbi. Kuma kamar if, siffar yanzu ke bin ta, "unless it rains", ba "unless it will rain" ba.

Amma cewa unless daidai take da if not a ko'ina, wannan ma rabin gaskiya ne. "I will be surprised if she doesn't pass" daidai ne. Gwada "I will be surprised unless she passes", za ka ji ta karkace. Mayar da ita Hausa ka ji dalili: "Zan yi mamaki idan ba ta ci ba" magana ce, amma "Zan yi mamaki sai dai in ta ci" ba wanda zai faɗe ta, domin tana nuna kamar mamaki ne halinka na kullum, cin jarrabawar ne kawai zai raba ka da shi. Duk inda rashin faruwar abin shi ne musabbabin sakamakon, if not ake so. Haka a tambaya: "What will you do if he doesn't come?" Babu mai cewa me za ka yi sai dai in ya zo. Haka nan a jimlar "da": "If the driver hadn't stopped, he would have hit the child." Direban ya tsaya, an sani, babu wata ƙofa da aka bari a buɗe, don haka unless ba ta dace ba. A ɗaya gefen kuma, akwai inda unless ke karɓar not lafiya lau: "Don't call me unless you don't find the key", kada ka kira ni sai dai in ba ka ga makullin ba. Gwajin dai ɗaya ne, sa "sai dai in" a gurbin ka saurara.

Akwai tarkon da ya keɓanta da mu. Kalmar "sai" tana yi mana aiki biyu. "Ba zan tafi ba sai ka biya" tana iya nufin ina nan zaune har lokacin da za ka biya, tana kuma iya nufin biyanka ne sharaɗin tafiyata. Turanci ya raba su, until ta lokaci ce, unless ta sharaɗi. Misali mafi kyau yana cikin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, inda kalmomin biyu suka fito kusa da juna. Ƙaramin sashe na 5 ya ce wanda ake tuhuma da laifi "shall be presumed to be innocent until he is proved guilty", ana ɗaukarsa marar laifi har zuwa lokacin da aka tabbatar da laifinsa. Ƙaramin sashe na 12 kuma ya ce mutum "shall not be convicted of a criminal offence unless that offence is defined and the penalty therefor is prescribed in a written law", ba za a kama mutum da laifi ba sai dai in rubutacciyar doka ta fayyace laifin ta kuma yanka hukuncinsa. Na farko yana auna tsawon lokaci, na biyu yana gindaya sharaɗi. 'Yancin mutum ne ke rataye a kan waɗannan kalmomi, kuma shall not a nan ba hasashen gobe ba ce, hani ne.

Wannan ya kawo mu tambaya ta biyu, inda korewa ke sauka. "You must come" dole ka zo. Hankali zai ba mutum cewa "You must not come" ita ce ba dole ba ne ka zo. Ba haka ba ne. Not ɗin ta tsallake must ta faɗa kan zuwan: dole ne kada ka zo. Shugaban da ke son sauƙaƙa wa ma'aikaci ya rubuta masa "If you are not feeling well, you must not come tomorrow" ya hana shi zuwa ne, alhali nufinsa ba sai ka zo ba. Wannan ana faɗinta da "you don't have to come" ko "you needn't come". Bambancin ya kai a ce injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet sun fitar da takarda ta musamman a 1997, mai lamba RFC 2119, don kawai su tsayar da ma'anar MUST da MUST NOT da SHOULD da MAY a rubuce-rubucensu, inda suka ce MUST NOT hani ne kai tsaye.

Must tana da fuska ta biyu, ta hasashe mai ƙarfi. "He must be at home", lallai yana gida. Korewar wannan a Turancin Ingila can't ce: "He can't be at home", ba zai yiwu a ce yana gida ba. May not kuwa harshen damo gare ta. "He may not come" tana iya zama wataƙila ba zai zo ba, tana iya zama ba a yarda ya zo ba. A rubutun da ake son kauce wa gardama, a sa might not domin shakka, a sa must not ko is not allowed to domin hani. Sannan a lura da tazarar da ke tsakanin "It may not be true", mai yiwuwa ba gaskiya ba ne, da "It cannot be true", sam ba zai zama gaskiya ba. Akwai kuma tagwayen nan, "You needn't have paid" da "You didn't need to pay". Ta farko tana tabbatar da cewa ka biya, kuma biyan bai zama dole ba. Ta biyu cewa kawai take babu buƙata, ba ta faɗi ko ka biya ko ba ka biya ba.

Idan waɗannan mataimaka suka shiga ɓangaren sakamako na jimlar "da", sai an yi hattara. Ɗalibi yana son ya ce da bai zo ba, da dole na tafi da kaina. Sai ya rubuta "If he hadn't come, I must have gone myself." Must have gone ba tilas take nunawa ba, hasashe ne kan abin da ya wuce, lallai na tafi ke nan. Tunda must ba ta da siffar baya, had to ce ke karɓar aikin: "I would have had to go myself." Have had ɗin tana yi wa ido nauyi amma daidai take. Can ma ba ta zama a nan, sai could: "If you hadn't called, I couldn't have found the house." Tsakanin may da might kuma akwai bambancin da har 'yan jaridar Ingila kan yi sakaci da shi. "If he hadn't worn a helmet, he might have died" tana gaya mana mutumin yana raye, hular kwano ta cece shi. In aka sa "may have died", sai ta koma kamar ba mu san ko ya mutu ko yana nan ba. Zaɓi tsakanin would da could da might ba ado ba ne: would ta ce tabbas da ya faru, could ta ce da an samu iko, might ta ce da wataƙila.

A rubutun ofis ana son jefar da if a juya jimlar: "Had I known", "Should you need help", "Were it not for". "Had I known" ita ce "da na sani" tamu, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Wajen kore irin wannan gini ba a gajarta not. "Had I not seen it, I would not have believed it" daidai ne, "Hadn't I seen it" kuwa tambaya ce, ba sharaɗi ba. Haka "Should you not receive a reply, call this office." Should a nan ba ta nufin ya kamata, ma'anarta in ta kama, kuma ita kaɗai ta isa, shi ya sa "should in case" ta zama kaya biyu a gurbi ɗaya. In case ma ba if ba ce: "Take an umbrella in case it rains" cewa take ɗauki laima tun yanzu saboda ko za a yi ruwa, ba jira sai an fara ba. "Had it been I knew" da "If not that I was sick" Turancin gida ne da kowa ke ganewa a Kano ko Legas, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar da za ta ƙetare teku sai a mayar da su "Had I known" da "If I hadn't been sick". "Ba don kai ba" kuwa tana da hanyoyi masu kyau: "If it weren't for you" domin yanzu, "If it hadn't been for you" domin abin da ya wuce, ko "But for you" a taƙaice.

Ga jimla ta ƙarshe wadda jadawali ba zai iya gyara ta ba: "If he didn't take the money, he will not have run away." A fili take ta karye, amma ta wane gefe za a ɗora ta? Idan marubucin ya tabbata mutumin ya ɗauki kuɗin kuma ya gudu, to "da" yake nufi, da bai ɗauka ba da bai gudu ba: "If he hadn't taken the money, he wouldn't have run away." Wannan zargi ne a fili, an yanke hukunci cewa ya ɗauka. Idan kuwa marubucin bai sani ba, bincike ake yi, to "idan" yake nufi, kuma didn't ɗinsa daidai take, domin ana iya gindaya buɗaɗɗen sharaɗi a kan abin da ya wuce matuƙar ba a san gaskiyarsa ba. Sai a gyara ɓangare na biyu kawai: "If he didn't take the money, he won't run away", idan bai ɗauka ba, ba zai gudu ba. Ko kuma, in ya riga ya gudun, "If he didn't take the money, why did he run away?" Jimloli uku, dukkansu lafiyayyu a nahawu, amma ɗaya ta kira mutum ɓarawo, ɗaya ta ba shi uzuri, ɗaya ta tsaya a tuhuma. In jimlar tana cikin rahoton da za a kai wa shugaban ma'aikata ko ofishin 'yan sanda, mai gyara ba shi da hurumin zaɓar wa marubuci ɗaya daga ciki. Sai ya kira shi ya tambaye shi da Hausa: "idan bai ɗauka ba" kake nufi, ko "da bai ɗauka ba"?